Kundin aikin sauke direban awo daga kanel ba tare da sake tayar da na'ura ba, Garwa, 2025

Litinin, 13 ga Janairu

An buɗe wannan kundi ne domin a riƙa rubuta yadda gyaran direban awo_usb yake tafiya, ta yadda duk wanda ya gaji aikin zai san abin da aka gwada da dalilin da ya sa aka bi wata hanya aka bar wata. Shagonmu na nan Garwa yana kula da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a ƙauyukan wajen Pitowa da Lagdo da kan hanyar Gidar, kuma kowace rijiya tana da ƙaramar kwamfuta mai tsarin Linux na Debian 12, wato mai kanel 6.1 (kanel shi ne zuciyar tsarin), wadda take karanta ƙarfin batir da yawan ruwan da fanfo ya ɗago ta wani allon awo da ke haɗe da ita ta USB, sannan ta aiko da bayanan ta modem. Direban allon, wato lambar da ke sa kwamfutar ta iya magana da shi, ba ya cikin kanel na asali. Modul ne, wato guntun lamba da ake iya ɗora wa kanel ko a sauke yana aiki, da aka rubuta mana shekarun baya, kuma yanzu akwai sabon siga da muke son ɗorawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye sabon fayil a sake tayar da na'ura. Abin da ya hana shi ne modem ɗin wasu rijiyoyin ba ya dawowa kan layi bayan an sake tayarwa sai an zare shi an mayar da hannu, wanda ke nufin mutum ya hau babur ya nufi ƙauye cikin ƙurar hunturu saboda aikin da bai wuce minti guda ba. Don haka abin da ake nema shi ne a sauke tsohon modul a ɗora sabo daga nesa, na'ura tana tsaye, kuma a yi hakan ba a cikin zullumi ba.

Yau na shiga wasu daga cikin na'urorin ta ssh na duba abin da lsmod, umarnin da ke jero modul ɗin da aka ɗora, yake nunawa. Yana karanto jerinsa ne daga /proc/modules, kuma shafi na uku shi ne adadin masu riƙe da modul, tare da sunayen wasu modul da suka dogara da shi idan akwai. A dukkan na'urorin da na duba, awo_usb yana nuna sifili, alhali manhajar da ke tattara awo tana gudana kuma ta buɗe fayil ɗin allon a /dev tun lokacin da na'urar ta tashi. Wannan sifilin bai kwanta mini ba, kuma ba za a taɓa kowace rijiya ba sai an gano inda ya fito.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na zauna da lambar kanel na bi kiran delete_module daga farko zuwa ƙarshe, domin shi ne abin da rmmod da modprobe -r, umarnin sauke modul, suke kira. Da farko kanel yana tabbatar da cewa mai kira yana da izinin CAP_SYS_MODULE. Sannan yana duba ko akwai wani modul da ke amfani da alamomin wannan, idan akwai ya ƙi. Idan modul yana da aikin farawa amma ba shi da aikin fita, nan ma yana ƙi da EBUSY. Daga nan sai ya zo kan ƙidayar masu riƙe: idan ta wuce sifili ya mayar da EWOULDBLOCK, idan kuwa sifili ce sai ya sa wa modul alamar MODULE_STATE_GOING, daga wannan lokacin duk wani try_module_get a kansa ba ya yin nasara. Bayan haka ne ake kiran aikin fita na modul, sannan a 'yanta ma'adanar da lambarsa da bayanansa suke zaune.

Abu biyu na ɗauka daga wannan karatu. Na farko, aikin fita ba ya mayar da komai, saboda haka ba shi da bakin cewa a dakata. Da zarar an kira shi hukunci ya riga ya yanke, abin da ya rage masa kawai shi ne ya tsayar da duk abin da modul ya kunna, ya kuma jira har su tsaya, ko da jiran zai yi tsawo. Na biyu, ƙidayar ba ta san komai da kanta ba. Lamba ce da ke hawa idan wani ya kira try_module_get, ta sauka idan ya kira module_put, kuma duk wanda ya shiga lambar modul ba ta wannan ƙofa ba, ba ya cikin lissafi.

Tarihin abin yana da amfani a nan. A zamanin kanel 2.4, modul ne yake ƙirga kansa da MOD_INC_USE_COUNT da MOD_DEC_USE_COUNT, kuma ramin da ke ciki a fili yake: kafin modul ya ƙara ƙidaya ai an riga an shiga lambarsa, bayan ya rage kuma akwai sauran umarni kafin a fita, kuma a waɗannan 'yan taƙaitattun lokuta ana iya sauke shi. Rusty Russell ya sake rubuta tsarin ɗora modul kafin fitowar 2.6 a Disamban 2003, inda nauyin ƙirgawa ya koma kan wanda zai kira modul, tun kafin ya taka ciki. A da ana raba ƙidayar a kan kowace furosesa, har sai an tsayar da na'ura baki ɗaya na ɗan lokaci kafin a haɗa jimilla, amma tun 3.19 ta zama lamba guda ta atomic_t.

Talata, 21 ga Janairu

An gano asalin sifilin. A cikin tsarin file_operations na tsohon direban babu layin .owner = THIS_MODULE. Idan manhaja ta buɗe fayil ɗin na'ura, kanel yana kiran fops_get, wanda yake riƙe modul ɗin da aka rubuta a wannan gurbi, kuma idan gurbin fanko ne babu wanda ake riƙewa.

Na gwada a kan kwamfutar benci. Na bar manhajar tana karatu na ba da rmmod awo_usb, kuma ya sauka lami lafiya ba ko gargaɗi. Da manhajar ta sake kiran read, sai dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ya fitar da BUG: unable to handle page fault a wani adireshi da ya fara da ffffffffc0, yankin da ake ajiye modul a x86-64, kuma a ƙarshen layin Modules linked in ga rubutu [last unloaded: awo_usb]. Manunin f_op na buɗaɗɗen fayil ɗin yana nuna teburin da ke cikin ma'adanar modul, teburin kuma ya tafi tare da shi. Daidai yake da a janye tsani mutum yana kan rufi, ba zai sani ba sai ya miƙo ƙafa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwaji na biyu. Da na sauke modul na ɗora shi nan take kafin manhajar ta sake karatu, babu faɗuwar da aka gani a lokacin, domin sabon ya sauka a adireshin da tsohon ya bari, tebur ya hau kan tebur. Manhajar ta shiga sabuwar lamba ɗauke da manunin bayanan da aka riga aka 'yanta, ta samo lambobin da ba su da ma'ana. Wannan kuwa shi ne ainihin jerin da za mu bi a rijiyoyi, sauke sannan ɗora, kenan irin wannan ɓarna tana iya wucewa ba a lura ba sai bayan kwanaki.

Da aka sa layin, ƙidayar ta koma 1 kuma rmmod ya ce Module awo_usb is in use. Sai dai gyaran yana cikin sabon siga ne, na kan rijiyoyi har yanzu tsoho ne, saboda haka a saukewar farko ba za a saurari lsmod ba ko kaɗan, fuser ne zai faɗa mana ko akwai mai riƙe da fayil.

Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya tambaye ni, "Malam, ke nan yanzu idan muka ga sifili shi ke nan?" Na nuna masa direban katin intanet na kwamfutar benci, wanda yake nuna sifili alhali ta cikinsa muke shiga na'urar. Direbobin katin sadarwa ba sa riƙe modul da gangan, ana iya sauke su layi yana aiki, kuma unregister_netdev ne yake jira har kowa ya saki, shi ya sa a wasu lokuta ake ganin saƙon waiting for eth0 to become free yana maimaituwa. Wanda ya sauke irin wannan daga nesa ya yanke wa kansa hanya.

Laraba, 29 ga Janairu

An kammala shirya wurin gwaji. Na gina kanel 6.1 na musamman da kayan kama kurakurai, wato KASAN da lockdep da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_TIMERS da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_WORK da CONFIG_DEBUG_OBJECTS_FREE, ina tayar da shi a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, allon awo na gaske kuma an miƙa masa ta USB. Wani gajeren rubutun umarni yana ɗora modul, ya buɗe fayil, ya karanta, ya rufe, ya sauke, ya sake komawa farko, da tazarar lokaci mai canzawa a tsakanin matakan domin kada kowane zagaye ya zama kwafin na baya. Yana kwana yana juyawa idan wuta ta bari, shi ya sa aka mayar da bencin kan batir ɗin shago.

A daren farko ya kawo saƙon ODEBUG: free active a kan timer_list. Direban yana da agogo da ke bugawa lokaci-lokaci, idan ya buga sai ya jefa aiki a layin aiki, aikin ya nemi awo daga allo, idan ya gama ya sake saita agogon da mod_timer. Wurin rufewa kuma yana kiran del_timer_sync sannan cancel_work_sync. A ido jerin daidai ne, amma idan aikin yana tsakiyar gudana lokacin da aka kashe agogon, zai sake kunna shi kafin ya ƙare, cancel_work_sync ya jira shi ya gama, a wuce, agogo kuma yana nan a raye yana jiran lokacinsa a cikin ma'adanar da za a 'yanta. Juya jerin ba ya magani, domin a lokacin agogon ne zai sake jefa aiki bayan an soke na farko. Ƙidayar modul ba ta san da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin agogo da layin aiki ba sa riƙe modul.

Kanel 6.2, wanda ya fito a Fabrairun 2023, ya kawo timer_shutdown_sync daga aikin Thomas Gleixner saboda wannan matsala: bayan an kira shi, duk wani yunƙurin sake saita agogon ba ya tasiri. Tunda lambarmu za ta yi aiki a kan 6.1 da na bayansa, ban dogara da shi ba. Na sa tuta ta tsayawa a ƙarƙashin makulli, agogo da aiki kowanne yana duba ta kafin ya tayar da ɗan'uwansa, wurin rufewa kuma yana ɗaga tutar kafin ya kashe su. A ganina ma dai agogon bai zama dole ba, delayed_work guda ɗaya zai yi aikin su biyun kuma cancel_delayed_work_sync ya san yadda ake tsayar da aikin da ke sake jefa kansa, amma wannan canjin ya jira siga na gaba.

Akwai kuma call_rcu guda ɗaya da ke 'yanta tsohon teburin daidaita awo. RCU hanya ce ta jinkirta 'yanta bayanai har masu karanta su su gama. Aikin da call_rcu zai kira yana cikin lambar modul, kuma ana iya kiransa bayan modul ya tafi. Abin da ke jiran irin waɗannan kiraye-kiraye shi ne rcu_barrier, ba synchronize_rcu ba, wanda yake jiran masu karatu su fita kawai, kamar yadda takardun RCU na cikin kanel suka yi bayani. Tunda aikin namu ba ya yin komai sai kfree, na maye shi da kfree_rcu, wanda ba ya dawowa cikin lambarmu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mai shago ya leƙo benci ya tambayi inda aka kwana. Da na yi masa bayani sai ya ce, "To Malam, na ji an ce akwai rmmod -f, me ya sa ba za a tilasta masa ya sauka a huta ba?" Na ce masa, "Alhaji, tilastawar ba ta korar masu riƙewa, rufe ido kawai take sa kanel ya yi a kansu."

Ina rubuta cikakkiyar amsar a nan. Zaɓin -f yana aika tutar O_TRUNC, kuma ba ya aiki sai an gina kanel da CONFIG_MODULE_FORCE_UNLOAD. Idan ya yi aiki, kanel yana tsallake gwajin ƙidaya ya kira aikin fita ya 'yanta ma'adana, buɗaɗɗun fayiloli kuma suna nan da manuninsu, wato muna sake haifar da faɗuwar 21 ga Janairu da hannunmu. Yana kuma sa wa kanel tabon R, wanda ke ƙara 8 a /proc/sys/kernel/tainted. Na'urorinmu sun riga sun ɗauki tabon O mai lamba 4096 saboda modul ɗin na waje ne, amma wannan tabo asali kawai yake nunawa, shi kuwa R yana cewa ba za a ƙara yarda da duk abin da ya faru bayansa ba. An yanke cewa -f ba zai shiga kowane rubutun umarni namu ba.

A da akwai rmmod --wait, inda kanel yake hana sabbin masu riƙewa ya kwantar da mai kira har ƙidaya ta sauka. An cire shi a 3.13, farkon 2014, kuma ban ga laifin cirewar ba, domin barcin ba ya katsuwa, kuma idan wani ya ƙi saki an bar modul a tsaka-tsaki, bai tafi ba kuma ba ya amfani. Abin da ke akwai yanzu shi ne modprobe -r da zaɓin --wait wanda kmod 30 ya kawo, kuma shi ke cikin Debian 12. Shi maimaita roƙo kawai yake yi daga wajen kanel har wa'adin da aka ba shi ya cika, modul kuma yana nan da ransa a tsakani.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Jiya hutun ranar matasa ne, shago a rufe, gwaji kuma ya ci gaba da kansa bai kawo komai ba. Yau na ƙara masa abin da bai taɓa gwadawa ba, wato raba allon da direba alhali fayil yana buɗe, ta hanyar rubuta sunan mahaɗin a /sys/bus/usb/drivers/awo_usb/unbind. KASAN ya kama amfani da ma'adanar da aka 'yanta tun a zagayen farko.

Wannan ita ce babbar matsalar da aka tarar zuwa yanzu, kuma ba ta da alaƙa da rmmod. Ƙidayar modul lamba take karewa, ba ta kare na'ura. Ko ƙidayar ta kai nawa, babu abin da zai hana akuya ta ja wayar USB a ɗakin fanfo, ko zafi ya sassauta mahaɗi, kuma a duk lokacin da hakan ya faru kanel zai kira disconnect ba tare da tambayar ko wani yana karatu ba. Tsohon direban ya ware tsarin bayanan allo da devm_kzalloc, wanda ake 'yantawa kai tsaye da zarar an raba na'ura da direba, alhali buɗaɗɗen fayil yana ci gaba da nuna shi ta private_data. Rayuwa uku ce ke nan a wuri ɗaya, ta lambar modul, ta allon da ke kan waya, da ta buɗaɗɗen fayil, kuma babu wadda take ƙarewa tare da 'yar'uwarta. Ina da zaton cewa wasu daskarewar da aka riƙa gani a rijiyoyin wajen Lagdo da damina, waɗanda aka ɗora wa tsawa, daga nan suke, ko da yake babu bayanin dmesg da ya tsira da zai tabbatar.

Na sake gina wannan ɓangaren bisa tsarin usb-skeleton.c da ke cikin drivers/usb na kanel. Yanzu ana ware tsarin da kzalloc, kuma yana da kref nasa, wato ƙidayar masu riƙe da shi. Aikin probe yana riƙe ɗaya, kowane open yana ƙara ɗaya, release da disconnect kowanne yana sakin nasa, wanda ya saki na ƙarshe shi ke 'yantawa. Jerin disconnect ya zama haka: a kira usb_deregister_dev domin kada wani sabo ya buɗe, a ɗaga tutar cewa allo ya tafi a ƙarƙashin makullin da read yake riƙewa, a tsayar da agogo da aiki, a kashe URB, wato roƙon da aka aika wa allo ta USB, a ta da duk wanda ke barci yana jiran awo domin ya koma da ENODEV, sannan a saki kref. A kan URB na zaɓi usb_poison_urb maimakon usb_kill_urb, domin shi bayan ya kashe yana hana a sake aikawa har sai an kira usb_unpoison_urb, ko da wani reshe na lamba da ban lura da shi ba ya gwada. An kuma gyara poll ya mayar da EPOLLHUP, manhajar tattara awo ta koyi rufe fayil ta jira allo ya dawo.

Alherin da ya biyo baya shi ne aikin fita ya zama kusan fanko. Sauke modul yana kiran usb_deregister, wanda yake kiran disconnect a kan kowane allo, kenan hanyar da akuya take bi da hanyar da rmmod yake bi sun zama ɗaya, gwada ɗaya gwada ɗayar ne. Aikin da ke 'yanta tsarin yana cikin lambar modul, amma ba shi da haɗari, domin ko dai disconnect ne ya kira shi ko release, kuma kanel ba ya sakin modul sai release ya dawo.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na bi sauran ƙofofin shiga modul. Fayilolin sysfs da aka maƙala wa na'ura ba su da matsala, domin cire su yana jiran duk mai karatu ya fita, haka ma debugfs a kanel na yanzu. Na cire wani wuri guda da direban yake kiran module_put a kan kansa a ƙarshen wani zaren kanel mai daidaita awo, domin bayan wannan kira akwai sauran umarnin komawa da ke cikin modul, ramin zamanin 2.4 ke nan ya dawo. Kanel yana da module_put_and_kthread_exit saboda haka, amma ya fi sauƙi disconnect ya kira kthread_stop ya jira. An yi hakan.

Talata, 25 ga Fabrairu

An rubuta rubutun umarnin sabuntawa. Kafin ya taɓa komai yana kwatanta vermagic na sabon fayil, wato alamar kanel ɗin da aka gina shi dominsa, ta modinfo, da abin da uname -r ya bayar, domin mafi munin abu shi ne a sauke tsoho sannan a tarar sabo ba ya ɗoruwa. Yana ajiye kwafin tsohon a gefe, ya sa sabon a /lib/modules ya kira depmod tun kafin saukewa, ta yadda idan waya ta girgiza a tsakani udev ya ɗora modul da kansa, sabon zai ɗauko. Sannan ya tsayar da manhajar ta systemctl, ya tambayi fuser, kuma idan akwai mai riƙe da fayil ya mayar da komai yadda yake ya aiko da rahoto, ba ya kashe kowa. Idan babu, ya sauke, ya ɗora, ya karanta /sys/module/awo_usb/version, ya ta da manhaja, ya jira awo na gaske ya iso kafin ya ce an gama.

Akwai yanayi ɗaya da ba shi da mafita daga nesa. Idan aikin fita ya maƙale yana jiran abin da ba zai zo ba, rmmod yana zama a halin D wanda ko kill -9 ba ya taɓa shi, initstate yana cewa going, lsmod yana nuna -1, kuma ba a iya ɗora wani modul mai sunan. Na haddasa wannan da gangan a QEMU domin in ga kamanninsa. Magani ɗaya ne, a sake tayar da na'ura, saboda haka rubutun yana da wa'adi, idan ya wuce sai ya nemi sake tayarwa, kuma an kunna watchdog na allon kwamfutar, mai sake tayar da ita idan ta daskare, ta systemd domin idan rufewar ma ta maƙale ya ƙarasa ta. An kuma sa kernel.panic_on_oops a 1 da kernel.panic a 30, domin na'urar da ta yi oops, wato kanel ya faɗa kuskure mai tsanani, gara ta tashi sabuwa da ta ci gaba da tafiya da rauni a ciki.

Haɗarin da ya rage yana kan saukewar farko, domin aikin rufewar da zai gudana na tsohon direba ne, mai ramin agogon nan. Na karanta lambarsa na ga cewa agogon yana tsayawa da kansa idan an rufe fayil na ƙarshe kuma aikin da ke hannu ya ƙare, saboda haka rubutun yana dakatawa na minti guda bayan tsayar da manhaja, wanda ya ninka tazarar agogon sau da dama. A benci wannan ya wadatar.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama, zafin Garwa ma ya fara nuna kansa, saboda haka aka zaɓi bayan sahur domin gwajin farko a fili, lokacin da fanfo bai fara aiki ba kuma akwai yini guda a gaba idan ya zama dole a je. An fara da rijiya mafi kusa, ta wajen Pitowa. Rubutun ya tsaya a matakin fuser ya aiko da rahoton cewa akwai mai riƙe da fayil, alhali lsmod yana nuna sifili kamar kullum. Wani umarnin cat ne da aka bari yana gudana a cikin tmux tun wata ziyara ta bara. Da an bi lsmod, da an sauke modul a ƙarƙashinsa. Na rufe shi da hannu na sake ba da umarni, tsohon ya sauka, sabon ya hau, awon batir ya iso, modem kuma bai motsa ba. Lambar tainted ba ta canza daga yadda take kafin aikin ba.

Za a bar wannan rijiya ta yi mako guda a kan sabon direba kafin a taɓa wata, kuma ranar Asabar yaron zai je ya zare wayar allon ya mayar manhaja tana karatu, ni kuma ina kallon dmesg daga shago. Sauran rijiyoyin za a bi su ɗaya bayan ɗaya, na kan hanyar Gidar a ƙarshe saboda nisa. Na kuma fara duba ko allon zai iya aiki ta libusb daga wajen kanel gaba ɗaya, tunda awo ɗaya ne a cikin daƙiƙoƙi kuma babu gaggawar da ta buƙaci modul. Abin da zan fara aunawa shi ne ko siginar ƙirga ruwa, wadda ke zuwa ta interrupt endpoint, tana iya ɓacewa idan manhajar ta yi jinkirin karɓa.